Saje Philemon da Akwatin Gilashi

Tun da direban motar Kontagora ya sauke kwalin a ƙofar gidansa a Rikoto, Saje Philemon ya kasa zama. Ɗansa Joel ne ya aiko daga bariki: sabon akwatin kwamfuta mai gefen gilashi, da fankoki masu fitilu kala-kala.

Kwamfutar da za a sauya wa akwati kuwa ta Zumuntar Matan coci ce, wadda matarsa Theresa ke shugabanta. Akwatinta na asali ya matse kamar motar kasuwa, da zarar rana ta ɗaga sai ta yi zafi ta ɗauke a tsakiyar waƙa. Gobe Lahadi matan za su karɓi baƙi daga Danko, kuma duk waƙoƙin da za a haska a bango, na Hausa da na yaren C'lela, suna cikinta.

"Baban Joel, ka bari sai Litinin mana," in ji Theresa.

"Maman Joel, ni da na kwance bindiga na haɗa ta ido a rufe? Je ki gwajin waƙarku."

Ta tafi tana waiwaye.

Ya shimfiɗa bargon soja a baranda, ya aika aka kira Kofur Aaron, abokinsa tun suna kurata. Ba don taimako ba. Irin wannan aiki yana son shaida.

"Wanga akwatin kifi ne?" in ji Aaron yana leƙa gilashin.

"Kofur, tsaya nan ka riƙe sukundireba. Iyakar muƙaminka ke nan."

Saje ya shiga kwancewa yana fito. Akwatin wuta, rumbun ajiya, sai babban koren allon nan da komai ke manne a jikinsa, kowanne ya jera shi a layi kamar fareti. Kafin allon ya zauna a sabon gida, sai an ɗaura masa 'yan ƙafafun tagulla a ƙasa. Ledarsu cike take. A soja kuwa doka ɗaya ce: in ka haɗa bindiga wani abu ya rage a kan bargo, ka shirya tsallen kwaɗo. Don haka duk ramin da ya gani a ƙarfen ya cusa masa ƙafa, har leda ta zama wayam. Ya ɗora allo, ya ɗaure tamau, ya jona wayoyi.

"Tada janareta!"

Saje ya gyara tsayuwa, ya danna maɓallin kunnawa. Fankoki suka juya sau ɗaya, shuɗi ya walƙa, sai shiru.

"Ta gaishe ka, ta koma barci," in ji Aaron.

Ya sake dannawa. Shiru. Daga coci iska ta kawo muryoyin mata da bugun tukunyar kiɗa, kuma muryar da ta fi tashi ya san ta sarai.

"Saje, akwai tabarma a shagona. Mako guda kawai, kafin Maman Joel ta huce."

"Rufe mini baki. In bindiga ta cije, mi ake yi?"

"A gudu."

"A sake kwancewa, ɗan banza!"

Saje ya kwance, ya ɗaga allon, ya juya bayansa ga hasken rana. Ga 'yan ƙarce-ƙarce nan sababbi, a wuraren da allon ba shi da rami ko ɗaya. Ƙafafun da ya ƙara ne ke tokare cikin allon, ƙarfe na taɓa inda wuta ke bi. Ashe masu akwatin sun zubo su da yawa ne don allo iri-iri, ba don duka su shiga aiki ba.

Ya cire na banzan ɗaya bayan ɗaya, yana jin kamar yana sallamar sojojin da ba su yi laifi ba. Ya mayar da komai. Wannan karon bai gyara tsayuwa ba, addu'a ya yi.

Fankoki suka ɗauka. Shuɗi, kore, ja, suka bi juna suna zagaye. Allon kallo ya buɗe ido.

"Ta tashi! Kofur, ta tashi!"

Tsofaffi biyu suka kama rawa a baranda, ɗaya da ciwon gwiwa, ɗaya da sukundireba a sama, har kajin gidan suka watse. A haka Theresa ta same su.

Ba ta ko kalli fitilun ba. Ta ja kujera, ta buɗe waƙoƙin, ta bi su a hankali tana motsa leɓe, har ta ƙarshe. Saje na tsaye ƙam a bayanta.

"Duk suna nan," ta ce. Sai a lokacin ta dubi gilashin, murmushi ya suɓuce mata. "Kai, matan Danko za su sha kallo! Gobe a cinyata za ta zauna a kan babur. Kai kuma ka tuƙa mu kamar ka ɗauko ƙwai."