Ƙofar Madam Haula

A kamfanin gina rijiyoyi da ke bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro, Madam Haula ce ke riƙe da ƙofar albashi. Ƙofar tana cikin ordinata, wato kwamfuta, a manhajar da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da lambar wayar da ake tura masa haƙƙinsa. Maginan da ke shan rana a Azagor da na Sabon Maci duk ta hannunta abincinsu ke biyowa. Ta san haka kuwa, shi ya sa tafiyarta ta fi ta direktan ƙasaita.

Abin alfaharinta shi ne kod ɗinta, wato kalmar sirrin da ake buɗe ƙofar da ita. Sauran mutanen biro, wato ofis, sakarkaru ne a wajenta. Wani ya rubuta nasa a ƙarƙashin tebur, Mamani shugaban magina kuma ya taɓa ba direba nasa don kawai direban ya girme shi, kunya ta hana shi cewa a'a. Nata kuwa kalma ce da bakinta bai taɓa furtawa ba, ko a mafarki.

Ana nan sai labari ya zo cewa a wani reshen kamfanin ɓarawo ya shiga manhajar ya sauya lambobin waya, gumin mutane ya tafi aljihun wani. Mushe Ango, kamar yadda ake kiran direktan Dakoro da Faransanci, ya tara su ya ce za a turo gwani daga Yamai ya gwada ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka samu tasa a buɗe, za a janye hannunsa daga na'ura sai yadda hali ya yi. Haula ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce a zo a gwada.

Da motar ta tsaya, wadda ta fito ba kowa ba ce face Ma'u, 'yarta ta fari.

Haula ta juya ta fara gyara takardun da ba su da abin gyarawa. Haka aka tashe ta, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta ko kallonta da kyau a gaban mutane. Tun da aka yaye Ma'u kakarta ta ɗauke ta zuwa Sabon Maci, can ta yi lakkol, wato makarantar boko, daga nan sai Maraɗi, sai Yamai. A bakin Haula sunanta "waccan", in abin ya yi tsanani "ke".

"Ina kwana, Inna," in ji Ma'u, ta rusuna.

"Lahiya," Haula ta amsa wa bango.

Mamani ya ce, "Madam, baƙuwar tamu mi sunanta ma? Na manta." Aka kwashe da dariya, ita kuwa ta watsa masa harara.

Ma'u ta haɗa na'urarta, hoton manhajar ya fito a jikin bango kowa na gani. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba rawar murya. Manhajar tana da rauni, in ji ta. Ko sau nawa mutum ya gwada kod ɗin da ba daidai ba, ba ta kulle shi, ba ta kuma sanar da kowa. Ɓarawo zai zauna da shayinsa ya yi ta gwaji har ya dace. Haula na kallon ƙasa, amma kunnenta bai bar ko kalma ɗaya ta faɗi ba. Daɗi ya cika mata ciki har ta ji zaman kujerar ya yi mata kaɗan. Wannan mai tsayuwa gaban manya tana koya musu aiki, ita ta haife ta.

"A ƙasarmu ba ni wahala," in ji Ma'u. "Sunan ɗan fari nike fara gwadawa. Iyaye na ganin tunda ba su hwaɗinshi, asiri ne. Alhali duk garin an ci tuwon sunan."

Ta rubuta Habibu, sunan ɗansa na fari, a ƙofar Mamani, ƙofa ta buɗe wangale. Mamani ya dafe kai, masu dariya suka samu abin yi. Haula ba ta yi dariya ba.

"Saura babbar ƙofa," in ji Mushe Ango. "Ta Madam."

Ma'u ta gwada Jibril, ƙanenta, ɗan lelen gidan. Ƙofa ta ƙi. Ta gwada Kadija, autarsu. Ta gwada sunan mahaifinsu, da na kakarta, da Sabon Maci, da shekarar da Haula ta kama aiki. Duk shiru.

Mamani, wanda ke neman abokin faɗuwa, ya ce, "To ki gwada naki mana."

Ma'u ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Wannan ɓata lokaci ne, Baba Mamani. Inna ba ta ma san ina da suna ba." Ta juya ga direkta. "Mushe, wagga ƙofa ta tsaya. Haka zan rubuta a rahoto."

Shi ke nan, Haula ta tsira. Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru, ta tashi da kujerarta da girmanta. Amma maganar ta soke ta. Ta kuma hango ranar da wani ɓarawo wanda ba ruwansa da kunyar kowa zai gwada sunan nan, ya shige, ya kwashe gumin mutanen Azagor. A ce wa ya duba ƙofar ya ce ta tsaya? Gwanar da aka turo daga Yamai. Sunan 'yarta da ta yi shekaru tana tattalinsa shi zai zube.

Ta gyara murya, ta dubi taga.

"Mushe Ango, a hwaɗa ma baƙuwa aikinta bai ƙare ba. Mai gwaji ba shi tsallake suna."

Ma'u ta dubi uwarta, uwar na duban taga kamar an aike ta ƙirga awakin da ke wucewa. A hankali Ma'u ta sa yatsu ta rubuta sunanta na yanka, Asma'u.

Ƙofa ta buɗe. Sunayen ma'aikata suka zubo a bango.

Ba wanda ya yi dariya, har Mamani. Idon Ma'u ya ciko, ta ce, "Mushe, babbar ƙofa ta buɗe. Yau za a rufe ta, a sa wadda sai an tabbatar ta waya, kuma zan rubuta yadda na same ta." Ba ta sassauta ba ko kaɗan don uwarta ce. Wannan ya fi komai faranta ran Haula. Ta tashi da kanta ta ba direkta kujerar kafin ya nema, ta fita tana taku irin na wadda aka ƙara wa girma.

A bakin ƙofar kamfani, ƙarƙashin bishiyar bedi, Ma'u ta cim mata.

"Inna, tun yaushe?"

Haula ta duba hagu da dama, ba kowa sai wani Buzu da ke jan raƙuminsa zuwa kasuwa.

"Tun ran da aka kawo na'urar," ta ce, idonta na kan raƙumin. "Kin iya aikinki, ke. Amma kin rufe mini wurin da nike kiranki kullum da safe."