Inshorar da Babayo Ya Taya

Babayo ya sake tura kalkuleta gaban yarinyar, ya jingina da kujera ya harɗe hannuwa. Ta dubi lambar da ya buga, ta goge ta da yatsa ɗaya, ta mayar da tata ta farko, ko sisi ba ta rage ba. Sunanta Lin, ga shi nan a rubuce a ƙirjin rigarta. Tun da suka zauna murmushinta bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma wannan ne ya fi komai ƙona masa rai.

Motar tana can bayan gilashi, fara sol, sabuwa dal, an ɗaura mata jan ƙyalle a madubai biyu kamar yadda mutanen Guangzhou suke yi wa sabuwar mota. An gama da banki, an gama da inshorar da doka ta tilasta, mukulli ma yana aljihunsa. Abu ɗaya ya rage, wanda suke kira inshorar cike giɓi.

Shi bai taɓa jin sunanta ba sai a bakin Baba Ding, tsohon Musulmin nan ɗan ƙasar mai shagon taliya a bayan kasuwar Canaan. A bencin shagonsa Babayo ya fara kwana shekarar da ya sauka garin da jaka ɗaya, kuma har yau in ya ci abinci a can sai an yi rigima kafin a karɓi kuɗinsa. Bana shekarar wasannin Olamfik ce, biza ta yi wuya, ana ba mutum ta 'yan makonni ana harararsa, babu bankin da zai ba baƙo bashin mota. Baba Ding ne ya ce a sa sunansa a takardu, Babayo ya riƙa biya duk wata. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce ranar da mota ta bar gidan sayarwa darajarta ta faɗi ke nan, amma bashin banki yana nan yadda yake. In ta yi raga-raga a hanya, inshorar gama-gari kuɗin tsohuwar mota za ta biya, ragowar kuwa banki zai zo nema wurin mai suna a takarda. Wannan ragowar ce giɓin.

"Kai in bizarka ta ƙare, jirgi za ka hau," ya ce masa da safen nan, yana jan taliya bai ko ɗago ba. "Ni da shagona muna nan. Ko nawa suka ce, ka biya."

Babayo ya ce to. Kuma har ga Allah da niyyar biya ya fito.

Matsalar ita ce Babayo bai iya biyan farashin da aka fara yanka masa ba tare da ya taya ba. Sana'arsa ke nan: ya ɗauko 'yan kasuwar Kano daga filin jirgin Baiyun, ya zaga da su kasuwannin Shahe da Canaan, ya yi musu ciniki, ya ɗaure kaya ya tura. Sunan da ya yi a garin a kan abu ɗaya ya yi shi. In ya taya aka ƙi, sai ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya kama hanya. Ba ya waiwaye. Kafin ya kai matakala za ka ji mai shago ta biyo shi a guje da kalkuleta a hannu tana kiran "lawban, lawban", wato maigida. Akwai wadda ta taɓa bin sa har cikin bas. To ga shi yau ya zo da ɗan kallo, Tankari, mutumin Maraɗi mai sarin takalma, wanda ya bar harkokinsa ya biyo shi don a yi komai a idonsa.

Lin ta sake yi masa bayani da Turancinta mai gutsuttsura. Ta ce kuɗin ba nasu ba ne, na kamfanin inshora ne, su ba sa ragewa. Ta ce kuma yau ne kawai, kafin mota ta fita ƙofa. Da zarar ta fita, ta tashi daga sabuwa, ba za a sayar mata ba. Sai ta ɗauko wani hoto na mota da ta shige ƙarƙashin babbar mota ta ajiye a gabansa.

Nan ransa ya ƙara ɓaci. Mutum bai ko zauna a kujerar motarsa ba ana yi masa mugun fata. Ya kife hoton, ya ce a'uzubillahi. Maganar "yau ne kawai" kuwa dariya ta so ba shi. Wace mai shago ce a Shahe ba ta taɓa rantse masa cewa yau ne kawai ba?

Tankari ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. "Alhaji, mi kake jira? Wagga yarinya ba ta san ka ba. Tashi mu tahi, ka nuna mata."

Da shi kaɗai ne, wataƙila da ya yi tsaki ya zaro kuɗin. Amma ga Tankari ya zuba masa ido, kuma duk abin da ya faru a nan sai an ji shi a masallaci ranar Juma'a. Babayo ya miƙe a hankali, ya gyara hula. Lin ma ta miƙe, ta ɗan rusuna, ta yi masa godiya.

Ya taka zuwa mota kamar mai ciwon ƙafa. Ya zaga ta, ya duba ƙafafunta, ya buɗe but ya rufe. Ya shiga ya gyara kujera, ya gyara madubi har ya saita shi daidai ƙofar ofis. Ya tayar da inji ya bar shi yana aiki. Ba wanda ya fito. Tankari ya ce ai waɗannan na ofis sun fi na kasuwa taurin kai, sai sun ga mota ta motsa tukuna.

Mota ta motsa. Tsakanin inda take da ƙofar fita ba nisa, amma Babayo ya ja tafiyar kamar mai rakiyar amarya, idonsa na kan madubi. A bakin ƙofa ya taka birki. A ransa iyakarsa ke nan, nan zai tsaya har ta fito. Sai maigadi ya karɓi 'yar takardar fita daga hannun Tankari, ya buga mata hatimi, ya ɗaga sanda ya sara masa. Wata mota ta taho a bayansu ta danna ham, ta sake dannawa. Maigadi yana ta yi masa hannu ya wuce. Ja da baya a gaban mutane bayan an sara maka, wannan ba abin da Babayo zai iya ba ne. Ya saki birki.

Suka tsaya a gindin wata bishiya a bakin titi. Zafin watan Agusta ya cika motar duk da na'urar sanyi, rigarsa ta manne masa a baya. Daga nan ana hango cikin ofis ta gilashi. Lin ta buɗe kwanon abincinta, ta juya kujera ta fuskanci talabijin, inda wasu 'yan mata ke tsalle daga sama suna faɗawa ruwa a Beijing. Duk wadda ta faɗa sai ma'aikatan su tafa.

"Yanzu za ta hito," in ji Tankari, amma muryarsa ta yi ƙasa.

Da ta rufe kwano ta ɗauko abin sakace, Babayo ya kashe mota ya koma da ƙafa. Ya shiga yana dube-dube kamar wanda ya manta wani abu, sannan ya zauna, ya ce to shi ke nan, don ita ce, ya amince da kuɗinta.

Ta leƙa waje ta ga inda motar take. Murmushin ya ɓace karo na farko.

"Meyo," ta ce. Babu.

Kalmar da ya fi tsana ke nan a duk yaren ƙasar. Ya ce mata motar ko unguwa ba ta bari ba, ga ta can ana ganinta, jan ƙyallenta ma bai yi ƙura ba. Ya ce zai dawo da ita da baya ya ajiye ta daidai inda ya ɗauke ta. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta ta nuna masa wani layi da ya koma ja: maigadi ya riga ya shigar da lokacin fita, kuma ba a nan ake gogewa ba. Ya nemi manaja. Manaja ya zo, mutum mai ladabi, ya sa aka kawo shayi, ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya faɗi abin da Lin ta faɗa da kalmomi masu yawa.

Sai Babayo ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara kasuwa. Ya jawo kalkuleta ya buga lambar da ta fi tasu, ya tura. Manaja ya dube ta, ya dube shi da tausayi, ya turo masa ita a hankali. Ya kira masa wasu kamfanoni biyu a gabansa don ya ji da kunnensa. Duka amsarsu ɗaya: irin wannan a gidan mota ake sayenta, ranar ɗauka, kafin fita.

Lin ta raka shi har ƙofa wannan karon. Ta ce ai ta faɗa masa. Haushin da ya ji bai da iyaka, don gaskiya ta faɗa masa, kuma ba wanda zai kama da laifi.

Tuƙin komawa Sanyuanli, unguwar da shagon Baba Ding yake, azaba ne. Motar da ya yi shekara yana mafarkinta ta zama masa kamar tiren ƙwai a ka. Kowace bas ta matso sai gabansa ya faɗi, kowane mai keke ya gifta sai ya ga shagon Baba Ding a rufe da kwaɗon banki. Ya lafe a gefen hanya yana rarrafe, na baya suna ta ham suna zaginsa da yarensu. Sai da suka kusa Tankari ya ce shi a ganinsa ba sai an tayar wa tsoho da hankali ba. A ce masa an saya, takarda sai wani mako. Allah ne mai tsarewa, motoci nawa ke yawo a Maraɗi ba ko takarda ɗaya? Babayo ya ƙura wa titi ido. Maganar ta shige shi, ya yi ta juya ta har suka shiga layin.

La'asar ta yi, shagon ba kowa. Baba Ding ya fito da farar hularsa, hannuwansa duk gari, ya zaga motar yana murmushi, ya ƙi taɓa ta don kada ya ɓata fenti. Matarsa ta leƙo ta taga ta ɗaga babban yatsa. A ciki an haɗa tebur biyu, an yanka naman rago an jera, abin da ba sa yi sai da salla.

Suka shiga. Tsohon ya koma bayan teburin aikinsa ya ɗauki curin kwaɓin fulawa. Bai nemi takarda ba. Ya dubi fuskar Babayo kawai, ya daɗe yana dubanta.

"Ka yi ciniki," ya ce.

Ba tambaya ba ce. Ƙaryar da Babayo ya taho da ita a baki ta narke. Ya ba shi labari a tsaye, da guntun yarensu da guntun Turanci, bai sa sunan Tankari ba. Da ya gama ya zaro mukullin ya ajiye a kan teburin, cikin gari.

Baba Ding bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya goge hannunsa, ya ɗauki mukullin ya jefa a aljihun rigar aikinsa. Ya ce akwai fili a bayan shago inda ake ajiye buhunan fulawa, can motar za ta zauna a lulluɓe. Babayo ya ci gaba da biyan banki duk wata. Ranar da bashin ya sauko daidai da darajar motar, giɓin ya rufe, ya zo ya karɓi mukullinsa. A lissafinsa abin zai kai shekara biyu.

"Shekara ɗaya fa, Baba?"

Maganar ta fita kafin ya san ta fito. Tankari ya sunkuyar da kai. Matar ta bar taga ta shige ciki. Baba Ding ya dube shi, irin kallon da bai taɓa yi masa ba tun daren da ya shimfiɗa masa bargo a benci, sannan ya ɗaga curin ya maka a tebur ya ci gaba da aikinsa.

Babayo ya tsaya kaɗan. Akwai baƙi uku daga Kantin Kwari da za su sauka Baiyun kafin magariba, kuma tun makon jiya ya yi musu waya cewa a motarsa zai ɗauko su. Ya gyara hula ya juya. Ya wuce teburin naman da ba wanda ya taɓa, yana tafiya a hankali, kuma wannan karon ba dabara ba ce, ƙafafun ne suka yi nauyi. A bakin ƙofa ya ɗan dakata, kunnensa a baya. Ba abin da ya ji sai ƙarar kwaɓi yana dukan tebur.

Ya fita titi ya tsaya kusa da farar motar, iska tana kaɗa jan ƙyallen madubinta, ya ɗaga wa tasi hannu. Ta farko ta rage gudu, direban ya dube shi, ya wuce.