Saƙon da Ba Nata Ba

Tana cikin rarraba saƙonnin safe, shayinta na hucewa a gefe, Uwar Ofis ta ga lambar 'yarta a cikin akwatin imel na maɗaba'a.

Aikinta ke nan tun da Manaja ya kawo sabon tsari. A da, in mutum ya kira bai samu wanda yake nema ba, sai ya bar magana a wayar teburin mai shi, wata 'yar fitila ja ta yi ta ƙiftawa. Wasu kuwa sai fitilar ta kwana tana ƙifta musu ido ba su kula ba, aiki ya yi ta kuɓucewa. Yanzu duk saƙon murya, ko na wane ne, imel yake zama ya faɗo akwati ɗaya. Ita da ke zaune a bakin ƙofa ita ke saurara ta tura wa mai shi. Aikin ya yi mata daɗi, don baiwar Allah akwai son jin magana, akwai kuma son maimaita ta.

Lambar Auta ce, ba ko tantama. Sai dai ba layin uwarta ta kira ba, layin sito ta kira.

Uwar Ofis ta cusa abin kunne ta danna.

“Anti, ni ce. Na kira wayarki ba ta shiga, na san kina can ƙasa cikin takardu. Anti, an gwada, ciki ne.” Yarinyar ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da haki. “Sun ce in dawo gobe da safe a yi hoto. Maigidan kuma ya yi tafiya. Don Allah ki raka ni, tsoro nake ji. Amma kar ki gaya wa Mama tukuna. Kin santa, kafin azahar duk dangi sun ji.”

Hannunta ya kai ƙirji. Alhamdulillahi ta taso mata har baki, idonta ya ciko. Jika. Daga nan ƙarshen maganar ya iso inda zai isa, ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a bayan wuya. Ta maido da saƙon daga farko, ta sake ji. Bai canza ba.

Yarinyar ba ta san da sabon tsarin ba, tana zaton maganarta na can a wayar teburin Mai Sito tana jira.

Mai Sito dai abokiyar aikinta ce tun da daɗewa, doguwa, marar yawan magana. Lokacin da Auta take ƙarama, in an tashi makaranta nan ofis ake sauke ta. Uwar tana fama da waya a kunne biyu, sai yarinyar ta sulale ƙasa, ta haye kan damin takardu tana yi wa Mai Sito surutu. Uwar da bakinta take cewa, “Je ki wajen Antinki, ina aiki.” To ga shi ta je, ashe ba ta dawo ba.

“Ni na yi naƙudarta,” ta faɗa a ranta. “Ni na kwana a tsaye da ita tana ƙyanda. Wannan me ta yi? Guntayen takarda ta ba ta tana zane.”

Direban kamfani ya shigo da makulli a yatsa, ya jingina da teburinta yadda ya saba.

“Uwar Ofis, yau ba labari?”

“Gidan rediyo ka mayar da ni?”

Ya dube ta, ya dubi shayin da ba a taɓa ba, ya yi gaba abinsa yana waiwaye.

Ta kai kibiyar kwamfuta kan alamar sharewa, ta bar ta a nan. In ta danna, shi ke nan. Mai Sito ba za ta ji ba, Auta ta jira shiru, dole ta nemi uwarta. Har ta hango kanta a bencin asibiti, jakar yarinyar a cinyarta. Amma kuma ta san 'yarta. Ba za ta kira ta ba, ita kaɗai za ta tafi da tsoronta.

Ta janye hannu, ta ɗauki wayarta.

“Auta, kin tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Mama. Ya aiki?”

“Da godiya. Na ji muryarki wani iri. Ba wani abu?”

“Ba komai, barci ne bai ishe ni ba.”

“To. Ba wani labari dai?”

“Wane labari kuma, Mama? Ai ke ce mai labari.”

Suka yi dariya tare, ta uwar a iya leɓe.

Dabarar da ta zo mata ita ce ta maido da saƙon kamar ba a buɗe ba. Ta danna, rubutun ya koma baƙi ƙirin kamar sabo. Kullum in za ta tura saƙo sai ta ɗan rubuta bayani a sama: wane ne, ga abin da yake so, ransa a ɓace. Wannan ta tura shi ga Mai Sito haka nan tsirara, ko harafi ba ta sa ba.

Ranar nan maɗaba'a ta ga abin mamaki. Uwar Ofis ta amsa waya, ta karɓi baƙi, ta sa hannu a kaya, ba ta yi hira da kowa ba. Manaja da kansa ya leƙo ya tambaya ko ciwon kai ne. Ta buɗe lambar yayarta ta rufe, ta sake buɗewa, a ƙarshe ta kife wayar a cikin aljihun tebur ta tura shi.

Da la'asar Mai Sito ta hauro, ƙurar takarda a mayafinta. Ta tsaya gaban teburin tana murza yatsu.

“Yaya, gobe da safe ina da ɗan uzuri. Ko za ki riƙe mini layin sito?”

“Zan riƙe.”

“Ba ki tambaye ni ina za ni ba.”

“Ina ruwana da inda za ki?”

Mai Sito ta ja kujerar baƙi ta zauna, ta sassauta murya.

“Yaya, tun da aka fara tsarin nan ba ki taɓa turo mini saƙo ba bayani ba. Ko wanda ya yi kuskuren lamba sai kin rubuta mini yadda muryarsa take.”

Uwar Ofis ta shiga gyara takardun da ba su nemi gyara ba.

“Ki zo mu tafi tare mana,” in ji Mai Sito. “Ni zan yi mata magana.”

“Ba a kira ni ba.”

“Yaya…”

“Na ce ba a kira ni ba. Kuma kar ki ce mata na ji. Ranar da ta ga dama ta gaya mini, zan yi mamakina yadda ya kamata. Wannan dai a bar mini.”

Mai Sito ta gyaɗa kai, ta miƙe. Har ta kai bakin matakala, muryar Uwar Ofis ta biyo ta.

“Ke. Ki tabbata ta sa wani abu a cikinta kafin ku fita. In ba ta ci ba jiri take yi, kuma ba za ta faɗa ba. Wannan ke ba ki sani ba.”

Mai Sito, wadda ta sha ɓoye biskit a bayan damin takardu saboda wannan jirin, ta juyo.

“Ban sani ba, Yaya,” ta ce. “Gara da kika faɗa.”