Mai Gadin Da Ya Ƙi Ganin Jae-pil

Tun yana ɗan shekara sha shida Bong Jae-pil yake jin haushin wani wasan bidiyo. Wasan sanɗa ne: ɗan leƙen asiri zai ratsa tashar jiragen ruwa ba tare da masu gadi sun gan shi ba. Bai taɓa wuce sito na uku ba har na'urar ta lalace. Yanzu yana da shekara arba'in da bakwai da shagon wanki da guga a birnin Daegu na Koriya, sai ya samo wata manhaja mai mai da kwamfuta tamkar tsohuwar na'urar. Lahadi huɗu ya ɓata, ana cafke shi a lungu ɗaya.

A ta biyar, bayan abincin rana, ya ajiye kunya ya kwafo lambobin maguɗi masu sa ɗan leƙen asirin ya ɓace wa idon masu gadi. Sau uku yana kuskuren harafi, a na huɗu ya kama. Ya bi ta gabansu yana taƙama, ya adana wasan a kan tsohuwar ajiyarsa, ya isa ƙofar ƙarshe. A kulle take.

Da ya bincika, sai ya tarar ba ta buɗuwa sai mai gadi ya hango mutum ya ruga neman agaji. Ya kashe lambobin, ba abin da ya canza. Maguɗin ya riga ya shige cikin ajiyar.

Ya tsaya gaban mai gadin. Ya buga bango, ya jefe shi da gwangwani. Mai gadin ya waiga, ya ce, "Iska ce," ya ci gaba da sintiri.

"Iskar gidanku!" Jae-pil ya daka tsawa. "Ga ni nan, makaho kawai!"

Matarsa Hye-suk ta leƙo daga kicin, hannunta jajur da barkonon kimchi, kabejin da take jiƙawa. "Baban Da-on, da wa kake faɗa?"

"Ya ƙi kama ni!"

"Wata guda kana mana ƙorafin ana kama ka."

"Wancan daban ne!"

"To je ka kai kanka ofishinsu mana," ta ce, ta koma tana dariya.

Ya ƙara rabin awa yana zagaya mai gadin yana tsaki. Daga bisani ya goge ajiyar, wuyansa na ciwo, ya koma farkon wasan, inda ɗan leƙen asirin ke isowa cikin kwalekwale.