Tabarma Uku Irin ta Kyoto

Tun da kafinta ya kafa tsaninsa Fumiyo ta kasa zama wuri ɗaya. Sau huɗu ta kai masa shayi kafin rana ta take, har sai da tsohon, Baba Gonda, ya leƙo ta ramin silin ya ce, "Uwargida, ki ji tausayin marata."

Akwatuna tara ne suka sa ta wannan rawar kai. 'Yan tsanan bikin 'yan mata ne na marigayiya mahaifiyarta, aka kawo su daga Kyoto, suka cinye rabin falon ɗan gidansu na Chiba. Mijinta Kanji ya yi tuntuɓe da su har ya gaji, sai ya yanke hukunci: za a yi ma'aji tsakanin silin da rufi, amma duk akwatin da bai shiga ba haikali za a kai shi, a yi masa addu'a a ƙone. Fumiyo ta yarda da gudu, don ta san abin da ta taka. Da tabarma ake auna girman ɗaki a ƙasarsu, kuma a gidan uwarta wurin tabarma uku cif akwatunan suke ci. Tabarma uku kuwa ta ce wa kafinta.

Ranar da aka gama ta ɗaure kai da tawul ta haye, tana rarrafe tana waƙa, Kanji yana miƙo mata daga ƙasa. Na bakwai ya shiga, na takwas ya shiga da ƙyar, sai waƙa ta tsaya.

"Baba Gonda! Ina sauran ɗakina?"

"Wane saura? Tabarma uku kika ce, ga ta nan." Ya ɗaga kai ya dube ta. "Tsaya, ke 'yar ina ce?"

"Kyoto."

Tsoho ya dafe kai ya fashe da dariya. "Shi ke nan! Tabarmarku ta fi tamu tsawo da kusan taki guda. Ku komai naku sai ya fi na mutane!"

Shekara ashirin da biyu tana aure a nan, ita ta ɗauka mutanen ne kawai ke son matsi.

Kanji ya gyara murya, yana ta fama da murmushi, ya kira ta da sunan 'yarsu. "Maman Mayu, magana zarar bunu ce."

Ta sauko ta buɗe na taran. 'Yan tsanan sarki da sarauniya ne, naɗe cikin takarda mai rubutun hannun uwarta. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ɗago.

"Baban Mayu, maimaita min abin da ka ce. Duk me?"

"Duk akwatin da bai shiga ba."

Kafin ya rufe baki ta cusa sarauniya cikin riga, ta danna sarki a hammata, ta haye tsani kamar ba ita ke kukan gwiwa ba. Ta kwantar da su a ɗan sararin da ke saman akwati na takwas, ta leƙo ƙasa.

"Ga akwatinka nan. Ka gaishe min da mutanen haikali!"

"Maigida, an ci ka," in ji Baba Gonda, yana share hawayen dariya.

Ita ma dariya take a can sama, tana dukan katako. Sai ƙanshin kafur ya taso daga rigarta, irin wanda ke jikin uwarta duk ranar da ake naɗe 'yan tsanan. Kewa ta turnuƙe ta. Kanji ya kira ta sau biyu, ta ce su sha shayinsu, ita ba yanzu za ta sauko ba.