Gayyatar Baba Illo a Cikin Rariya

Kamfanin da Zeinabou take wa aiki ƙarami ne, yana unguwar Banifandou a Yamai. Yana sayar wa mutane intanet, yana kuma ba kowannensu adireshin mel. Ita ce mai kula da babbar na'urar da saƙonni ke sauka a cikinta kafin su isa ga masu su. A wannan damina saƙonnin banza suka yi yawa: na ƴan damfara, na tallar magani, da masu ɗauke da cutar da ke lalata ordinata, wato kwamfuta. Shugaban kamfanin, Mushe Abdoulkarim, ya ce a sa wa na'urar rariya mai tace su, ya ba Zeinabou iri biyu ta gwada.

Dukansu suna kama cuta. Bambancinsu yana wajen saƙonnin banza. Ta farko mai tsanani ce, da dokokinta ta zo, ba a canza su, kuma duk abin da ta zarga tsare shi take yi. Ta biyu tana barin wani tarkacen ya wuce da fari, sai dai ana iya koya mata: a nuna mata saƙon kirki da na banza, har ta gane. Abdoulkarim ya fi son ta farko, domin tun da aka kunna ta wayar biro, wato ofishinsu, ta huta da koke.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Illo ya shigo. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi antire, wato ritaya, kuma shi ne sakataren ƙungiyar ƴan Tahoua mazauna Yamai. Duk sanarwar suna, aure ko rasuwa daga hannunsa take fita. Ya gaisa da kowa, ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar Asabar za a ɗaura auren ɗiyarsa Nafissa a unguwar Koira Kano. Ya aika gayyata tun farkon mako, kuma har yanzu ko mutum ɗaya bai amsa ba, alhali a al'adarsu kafin rana ta faɗi addu'o'i sun cika akwatinsa.

Zeinabou ta tambaye shi ko ya kira wani ya ji. Ya girgiza kai. Ya ce dattijo ba ya bin gayyatarsa da tambaya, don hakan roƙo ne. Shekara da shekaru yana tara mutane a hidimar wasu. Idan tasa ta zo suka yi shiru, to ya ji amsarsu.

Ta buɗe wurin da rariyar ke ajiye abin da ta tsare. Ga gayyatar nan, ba ta je ko'ina ba. An rubuta ta da manyan baƙaƙe, Faransanci haɗe da Hausa, gaisuwa ta ci rabin shafi, sunayen ƴan ƙungiya duka a jere, ga hoton katin aure. A ƙasa kuma ya rufe da abin da ya saba: wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

"Baba, ba su ƙi ka ba," in ji ta. "Rariyarmu ce ta ɗauke ka ɗan damfara."

"Da wane laifi, ɗiyata?"

"Gaisuwarka ta yi tsawo, kuma ka ce a yaɗa."

"To in aika gayyata ba gaisuwa? Ai ta zama sammaci."

Abdoulkarim ya ba shi haƙuri, ya ce a saki saƙon, sannan a roƙi masu hulɗa da su su riƙa taƙaita rubutu. Zeinabou ta juya masa allon ordinatarta. Ta nuna masa sauran abin da ke tsare: sanarwar suna daga wani tela, da labarin rasuwar wata tsohuwa a Damagaram wanda ya kwana biyu bai isa ga danginta ba. Ta ce mutanen garin nan ba za su rage gaisuwa don na'ura ba, ya fi sauƙi na'urar ta koyi yadda suke magana.

Abdoulkarim ya daɗe yana duban sanarwar rasuwar. Daga bisani ya ce, "Kunna ta biyun. Amma duk wanda ya kira yana ƙorafin tallar magani, ke za ki ɗauki wayar."

Ta saki dukan saƙonnin, ta fara da na rasuwar. Baba Illo bai gama shan shayin da aka kawo masa ba amsar farko ta shigo, daga amininsa Alhaji Mijinyawa. Ya yi addu'a, sannan ya tambaya ko tsufa ne ya sa Illo yake gayyatar mutane saura kwana biyu, ko tsoron yawan masu cin tuwo. Tsohon ya karanta, ya mayar da hularsa a kai.

Kafin ya tafi, Zeinabou ta roƙe shi tsofaffin sanarwoyinsa, don ta nuna wa sabuwar rariyar kamannin saƙon mutanen kirki. Ya ce bai taɓa goge ko ɗaya ba, kuma zai gaya wa ƴan ƙungiya su turo nasu.

Ranar Asabar tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidansa ba su isa ba, sai da aka aro na maƙwabta.