Muryar Dorkas a Waƙa ta Uku

A masaƙar da Gidiyon yake gadi a Sharada babu abin sata. An sayar da injinan saƙa ga masu gwangwan tun tuni, tagogi sun bi bayansu, har jiniyar tashi daga aiki wani ya kwance. Duk da haka masu wurin suna son a ga mutum a bakin ƙofa, shi ya sa Gidiyon yake zama a kan benci yana tsaron ciyawa.

A nan Malam Idi ya same shi da hantsi, ya sauko daga Keke Napep yana waige-waige.

"Baban Naomi, an tona mana asiri," in ji shi, ya zauna ba a ba shi wuri ba. "Waƙoƙinmu sun shiga waya. Duk duniya."

A zamanin da masaƙar take aiki dare da rana, manajanta ya sayo jita da ganguna don bikin ƙarshen shekara, ma'aikata biyar suka kafa ƙungiyar kiɗa irin na Turawa, suka sa mata suna Zaren Wuta. Gidiyon ne mai ganga, Idi mai babbar jita. Sauran ukun suna ƙasa. Faifai biyu suka yi, Kano ta yi rawa da su, ta manta. Yanzu wani kamfani a Turai ya tsinto su, ya zuba a shagunan waƙa na intanet. Idi kuwa ya zama ladan a wani masallaci a Panshekara, kuma babban tsoronsa a duniya shi ne jama'a su ga hotonsa da wando mai faɗin ƙafa.

Gidiyon bai damu da wandon ba. "Akwai faifan farko?"

"Akwai."

"Waƙa ta uku fa?"

"Duka, na ce maka. Ba su rage mana ko ɗaya ba."

Gidiyon ya goge tafin hannunsa a gwiwa. A ɗakin cin abincin masaƙar aka ɗauki faifan nan, injina suna ruri ta bayan bango. Mutumin da ya zo da na'ura daga Legas ya ce ba a maimaitawa, abin da ya shiga ya shiga. Ana tsakiyar waƙa ta uku wata yarinya mai shara ta iso gabansa da tsintsiya ta ce, "Kai mai ganga, ɗaga ƙafarka." Ya ɗaga ƙafar da yake taka ganga da ita. Kiɗan ya yi tuntuɓe. Maganar ta shiga faifai, kuma ita ce ta farko da yarinyar, Dorkas, ta taɓa yi masa. Sun yi aure, sun haifi Naomi, Dorkas ta rasu bayan rufe masaƙa. Faifan ya narke a rana lokacin wata ƙaura, kaset ɗin da ya rage rediyo ta tauna. Hotunanta yana da su. Muryar ce ba ta ko'ina sai can.

"Sa mini," ya ce.

"A nan? A titi?" Idi ya duba hagu da dama. Babu kowa sai akuya tana cin kwali. Ya rage ƙarar, ya danna.

Kiɗan ya fito tas. Gidiyon bai gane shi da farko ba. Jitar Idi ta yi kauri kamar ta mai ƙoshi, muryar mawaƙinsu marigayi Markus ta matso kusa har ana jin numfashinsa. Amma bayan su babu komai.

"Ina injinan?"

"Sun wanke," in ji Idi, yana karanta bayanin da ke ƙasa, ya nesanta wayar daga idonsa. "Sun ce sun yi aiki tuƙuru sun cire duk hayaniyar da ta ɓata aikin. Allah ya saka musu. Ashe haka na iya kiɗa?"

Gidiyon ya kasa kunne. Ƙafarsa tana bin kiɗan da kanta. Ya san wurin: bayan amshi na biyu, Markus zai ja numfashi, sannan ita. Amshin ya zo. Markus ya ja numfashi. Gangar ta yi tuntuɓe, ta miƙe, ta ci gaba.

Ba wanda ya ce a ɗaga ƙafa.

"Mayar baya."

Idi ya mayar. Gidiyon ya karɓi wayar ya manna a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa. Numfashi, tuntuɓe. A tsakaninsu shiru mai tsabta, irin wanda ba a taɓa yi a masaƙar nan ba sai bayan ta mutu.

"Ka ga ma ana yabonka," in ji Idi, ya karɓe wayar yana ja da babban yatsa. "Wani ya rubuta daga ƙasar waje. Wai wannan ɗan tsayawar da mai ganga ya yi, nan hazaƙar take, mutumin ya riga zamaninsa. Wani ya ce ya yi hawaye. Ga wani yana tambaya ko kana raye."

"Sun cire ta, Idi."

"Wa?"

"Dorkas. A nan ta yi magana."

Idi ya shafa gemu. Mutum ne da ba ya ƙarya tun da ya ajiye jita, abin da abokansa suka daɗe suna fama da shi.

"Allah ya ba ka haƙurin rashinta. Ni dai gaskiya ban tuna wata murya a wurin ba. Na san ka yi kuskure, mun yi ta yi maka tsiya. Amma murya…"

"Kana tsaye kusa da ni."

"Ina tsaye. Injina ne a kunnena."

Idi ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce azahar tana matsowa kuma hanya da cunkoso. Hoton ma, ya ƙara da jin daɗi, sun yanke shi daga ƙugu, wandon bai fito ba. Ya tsayar da Keke Napep ya tafi.

Gidiyon ya gyara zama a benci. Shekara da shekaru, in ya so, yakan rufe ido ya kunna waƙar a kansa, ta iso wurin, Dorkas ta yi magana da 'yar tsawar nan tata. Ya rufe ido. Amshi na biyu ya zo, tas, babu injina. Markus ya ja numfashi. Gidiyon ya ɗaga ƙafarsa daga ƙasa, ya riƙe ta a sama yana jira. Akuyar ta gama da kwalin ta wuce. Cinyarsa ta fara rawa, bai sauke ba.